Buroshin da Na Ƙi Sa Wa Sunana

Kano

Ba a kira assalatu ba Yaya Sabo ya danna mini hon a ƙofar gida. Na fito da zabirata a kafaɗa, ya kalle ni ya ce, "Kai Lawal, Dubai ɗin ma sai ka je da kayan aski?" Na ce ƙafata ƙafarta. A filin jirgi masu bincike suka ce aska ba ta shiga da mutum, dole na tura ta cikin kaya ina ƙunƙuni.

Yaya Sabo wana ne uwa ɗaya uba ɗaya. Ya ajiye wanzanci tun muna samari ya kama fatauci, kuma shi ya biya mini tikiti da biza. Shirinsa shi ne ya sauke buroshin kumfa na gashin dage katan-katan ya sayar wa masu aski, ni kuma in zaɓa. Ya san idan aka ce Lawal na Fagge ne ya zaɓa, babu wanzamin da zai ƙara tambaya. Ban da wannan sunan, wallahi ba ni da komai.

Hor Al Anz

Mun canza jirgi a Addis Ababa, muka sauka Dubai cikin wani zafi mai danshi da ya jiƙa mini riga kafin mu sami tasi. Direban ɗan Pakistan ne, yana jin mun yi Hausa ya ce, "Alhaji, ina kwana," alhali la'asar ta wuce.

Masaukinmu wani fulat ne na 'yan kasuwar Kano, gado kan gado. Muka ci tuwon shinkafa da miyar kuka mai tsadar da ta sa na lashe kwanon tas. Nan suka sa ni gaba da tsiya, wai mutum ya keto hazo saboda gashin dabba. Na ce musu wannan dage ba namu ba ne mai fasa amya, ɗan'uwansa ne na ƙasashen sanyi. Gashinsa yana shan ruwa ya riƙe ɗumi, bakinsa siriri ne, idan ya hau kuncin dattijo sai ka ga ya lumshe ido.

Murshid Bazaar

Da hantsi muka kutsa layukan kasuwar, masu kura na ta "yalla, yalla". Yaya ya kai ni wani shago, aka zube mana samfuri. Ya shafa ɗaya a tafin hannu yadda yake taɓa shadda, ya ce, "Ji laushi. Ka ce to mu wuce wajen masu kago su ɗora kaya."

Ni ba a gwada mini buroshi a bushe. Na roƙi ruwan zafi daga butar shayin mai shagon, na tsoma shi na ɗan jira. Da na ɗago, baƙin zoben da ke tsakiyar gashin ya fara zuba a kofin. Rini ne. Na ja shi a bayan kunnena, ya karce ni, bakin gashin duk a tsage. Na kai hanci, na ji warin ba na dage ba ne.

Na tambayi mai shagon gashin mene ne. Bai yi mini ƙarya ba. Da guntuwar Hausarsa ya ce, "Wannan alade. Dage akwai, kuɗi daban. Alhaji ya sani."

Na juya wajen Yaya. Ya ce, "Gashi ne fa, ba nama ba. Je ka tambayi malamai."

Na ce, "Yaya, malamai su faɗi nasu. Ni dai ba zan shafa wa mutum wannan a fuska ranar Juma'a in ce masa dage ne ba. Idan halal ne, ka rubuta alade a jikin katan."

"Ni na kawo ka garin nan."

"Ka kawo ni, Allah ya saka. Amma sunana ban sa shi cikin tikiti ba."

Ya ce khalas, wato shi ke nan, ya juya mini ƙeya. Raina ya ɓaci ƙwarai, don mutumin nan shi ya goye ni ina yaro.

Al Ras

Na kwashe kayana na koma wani ɗan ɗaki kusa da masu kayan ƙamshi, kanamfari har cikin filo. A wani lungu na sami tsoho mai sayar da na gaskiya, ya bar ni na jiƙa su son raina. Ruwa ya fito fes, gashin ya buɗe ya kwanta a kunci lumus. Buroshi biyu kacal guzirina ya iya saya. Sauran kwanakin gurasa da shayi na ci, ban kuma yi nadama ba.

Gida

Jirgi ɗaya muka dawo da Yaya, muna sauka Kano ya kama gabansa. Adaidaita na hau zuwa Fagge. Kayansa sun iso bayan wata guda, wanzamai suka yi ta zuwa rumfata suna tambaya ko ni na zaɓa. Amsa ɗaya nake ba su: ban zaɓa ba, ku jiƙa ku gani.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Yaya Sabo da tikiti. Kullum da safe ina tsayawa ƙofar shagonsa in yi sallama, har yau bai amsa ba, gobe ma zan je.