Irin da na zuba a gindin gawo

Shekara uku ke nan da rasuwar kakata Hannatu, kuma kafin in ce kome a kanta sai na fara amsa laifina. Ni na juye ragowar irin hatsinta a rami ɗaya, a gindin gawon da ke ƙarshen gayaunarta. Duk ƙauyenmu sun sani, ina jin har jakin maƙwabta ya sani, amma da bakina ban taɓa faɗa wa jama'a ba sai yau.

A wajenmu, kusa da Ɗan Kassari, idan bazara ta yi nisa ruwa bai sauka ba, masu ƙarfin hali ba sa jira. Binne suke yi: su shuka hatsi a busasshiyar ƙasa, su rufe, su koma gida. A ranar, Kaka tana gaba da sungumi tana sara ramuka, ni ina biye da ƙoƙon iri, in jefa 'yan ƙwayoyi in rufe da diddige. Shekarata goma sha uku. Rairayin ya yi zafin da ƙadangaru ma da ƙafa uku suke tafiya, suna hutar da ɗaya.

"Tsohuwa," na ce mata, "wannan ba shuka ba ce, suya ce. Gobe mu dawo da gishiri mu cinye."

"Rufe bakinka ka rufe rami, mai gidana. Wa ya haɗa ni da ragon miji irin wanga?"

"Ke kika nace. 'Yan mata goma na ƙi saboda ke."

"Goma? Awaki ko tumaki?"

Da muka yi nisa na sake tambayarta, wannan karon ba wasa: in ruwa bai zo ba fa? Ba ta ko juyo ba. Ta ce, "Shina ciki dai, Iliya. Ko ka gani ko ba ka gani ba, shina ciki."

Ta gama sara ta ce kanta na ciwo, ta tafi gida, ta bar mini layi shida na ƙarshe. Tana ɓacewa na tona rami da hannu a inuwar gawo, na juye ƙoƙon duka. Sannan na bi layukan nan ina rufe ramukan da ba kome a ciki, don kada a gane. Na koma na ce na gama. Ta dama mini fura, ta ƙara mini nono fiye da na kullum.

Kwana tara bayan haka ta rasu. Zazzaɓi ne. An ɗora ta a amalanken jaki za a kai ta asibiti, ba a yi rabin hanya ba aka juyo. Da rana tsaka ne.

Mutane suna tsammanin zan ce na yi ta birgima ina kuka, tunda an san ni da ƙara wa labari gishiri. A nan ba ni da abin ƙarawa. A bakin kabari matan zumuntar majami'armu suna waƙa, ni kuwa ina kallon takalmin Fasto Ayuba da ya tsage ta gefe. Fulanin da shanunsu ke kwana a gonarmu da rani sun zo gaisuwa, 'yan kasuwa Musulmi sun cika tabarmi, kowa ya riƙe hannuna ya ce in yi haƙuri. Na ce to. Na zauna ina jiran kuka kamar mai jiran motar garin Dutsi a bakin hanya. Har yau ba ta iso ba.

Ruwa ya sauka kwana huɗu bayan binne ta. Gayauna ta tsira layi-layi, sai shida na ƙarshe fayau, ko ciyawa babu. A gindin gawo kuwa ga wani tsiro cunkus kamar gemun bunsurun da bai taɓa ganin almakashi ba. Baba ya tsaya ya dubi layukan, ya dubi gemun, ya dube ni. Bai dake ni ba. Na so ya dake ni. Sai da tsiron ya ɗan tasa, ran da aka sake yin ruwa, ya ce in cire in yi dashe a layukan da na bari. Na yi. Wasu sun kama, da yawa sun mutu.

Kaka ba a cikin majami'a aka haife ta ba. A gidan bori ta tashi, kuma ba ta taɓa zagin danginta ba. Tana ba ni labarin yadda ake kaɗa goge da ƙwarya har iska ya hau gwaggonta, murya ta sauya, jama'a su durƙusa su yi tambaya. In an gama sai ya sauka, a bar matar a kwance a gajiye. Ta ce da ta karɓi Yesu, ta yi wata da watanni tana jiran irin wannan, a girgiza ta, a kayar da ita. Shiru. Sai daga baya ta lura. "Wanga ba hawa yaka yi ba," in ji ta, tana taɓa ƙirjinta da yatsa, "zama yaka yi. Kuma bai jiran goge." Ta binne 'ya'ya uku da miji, kuma kowace safiya ina jin ta a bakin murhu tana magana ƙasa-ƙasa, kamar mai hira da wanda ke zaune kusa. Na taɓa leƙawa in ga ko kaza take wa faɗa. Ba kowa.

Abin da ya fi damuna shekarun nan uku shi ne wannan: na ɗauka a cikinta Ruhun Allah yake zaune a gidanmu, ni ɗumin kawai nake samu, kamar mai zama kusa da wuta. Da aka rufe ta, sai na ji ƙirjina kamar layukan nan shida, an rufe da diddige, ba kome a ciki. Ina zuwa majami'a, ina waƙa, ina ba mutane dariya a lakwal, wato makaranta, har mushe, malaminmu, ya kore ni waje. Ciki kuwa ba zafi ba sanyi.

Ina yawan tunanin abin da za ta ce da ta ga yau. An sa wa majami'armu fano mai ba da lantarki daga hasken rana, an sayo lasifika mai ƙarar da ke tsorata zabi a ƙauye uku. Samari suna waƙa suna hawaye suna ɗauka a waya. Ina jin za ta gyara ɗankwali ta ce madalla, amma a rage kaɗan, Shi ba kurma ba ne. Ni kuma za ta dubi gashin bakina guda huɗu ta ce miji ya tsufa, za ta nemi yaro.

Bana na shiga ajin baftisma. Ban san abin da ya kai ni ba, ba wanda ya sa ni. A ƙarshe kowa sai ya zauna da Fasto Ayuba shi kaɗai ya faɗi shaidarsa. Abokaina duk suna da abin faɗa: wani ya ji zuciyarsa ta narke, wata ta ji salama ta sauko mata. Ni na shirya tawa. Mafarki ne mai haske da farin kaya da Kaka tana ɗaga mini hannu. Na gwada wa awakinmu sau biyu, har ɗaya ta daina tuƙa.

Da na shiga, Fasto ya ce, "To Iliya, kai da bakinka ba ya hutawa, yau ga dama." Na buɗe baki, sai na tuna furar nan mai nono da yawa. Na sha ta ne a kan ƙarya, kuma mai damawar ta tafi ban gyara ba. Na kasa yin ƙarya ta biyu.

Na ce, "Baba Fasto, ni ba na jin kome. Tun da Kaka ta rasu. Ina jin Ya tafi tare da ita." Daga nan na ba shi labarin gawo duka.

Can ya ce, "Ka gaskata?"

"Na gaskata. Amma kamar yadda na gaskata akwai birnin Yamai. Ban taɓa zuwa ba."

Ya yi dariya har ya share ido. Sannan ya ce shekarar da ƙaramar ɗiyarsa ta rasu, ya yi wa'azi Lahadi bayan Lahadi bakinsa na motsi, cikinsa kamar itace. "Ban ji Shi ba. Amma ba ni na riƙe kaina a tsaye ba, wannan na sani. Ran Lahadi abin da ka gaskata zan tambaye ka, ba abin da kake ji ba. Je ka yi tunani. In ka zo, ka zo."

Na tafi gindin gawo na zauna da tunanin. Ban ga wahayi ba, tururuwa ce ta cije ni. Abin da ya rage mini na Kaka ba yawa: sunguminta, ƙoƙon da ya ɗan tsage, irin hatsin da muke ajiyewa kowace kaka wanda a cikinsa akwai jikokin dashen nan, da maganar da ta yi ba tare da ta juyo ba. Ba ta ce zan ji ba. Ta ce shina ciki.

Ran Lahadi na je. Fasto ya tambaye ni, na amsa, ya nutsa ni a kwamin siminti da ke bayan majami'a. Ruwan ya sha rana, da ɗumi. Ban yi kuka ba. Ran Litinin ni da Baba muka yi binne a gayaunarta, shi yana sara ina zubawa, kuma kowane rami na sa masa irinsa har layi na ƙarshe. Yau kwana shida, ruwa bai sauka ba tukuna.