Tsutsar Da Aka Ce An Ciro Daga Kunnena

Lokacin da wannan abu ya faru ni ɗan kabu-kabu ne a Tawa, mai ɗaukar fasinja a moto, wato babur, magidanci mai ƴaƴa uku, kuma mutum mai son a ce ya sani. In ana hira a bakin tasha inda muke jiran fasinja, muryata ce a sama. Na rubuto muku ne don abin ya daɗe yana cina, kuma ban taɓa faɗa wa kowa shi dukansa ba.

Wani zazzaɓi ne ya kwantar da ni mako guda. Ya tafi, ya bar mini jiri. In na waiwaya da sauri don duba mota, sai hanya ta karkace. Dole na jingine moto. A asibiti likita ya auna tansiyona, wato hawan jini, ya leƙa kunnuwana, ya ce matsalar tana can cikin kunne, wurin da ke hana mutum tangaɗi. Ya tura ni sashen da suke kira kine, inda ake motsa jiki. Matar da na tarar ta ce in kafa ido a babban yatsana ina juya kai dama da hagu, sannan in tsaya kan katifar soso ido rufe. Ban daɗe ba amai ya ƙwace mini, ya ɓata wandona gaban mutanen da ke jira. Ta miƙo mini ruwa, ta ce haka farkon yake, sai an riƙa tsokanar jirin kaɗan-kaɗan kafin kai ya saba, kuma abin zai ɗauki watanni. Ni kuwa raini na gani. Ba allura, ba ƙwaya, an mai da ni ɗan lakwal, yaron makaranta. Ban koma ba.

Kawuna ya ba ni labarin wani mai magani a wani ƙauye gaba da Tebaram, na shiga mota na tafi. Tun daga ƙofar rumfarsa wani ɗoyi ya tarbe ni. Ya riƙe kaina ya girgiza, ya ce tsutsa ce ta shige mini kunne, in ta juya sai duniya ta juya. Ya ɗiga mini wani baƙin ruwa mai zafi, mai warin man shanun da ya lalace, ya kafa ɗan ƙaho a kunnena ya tsotsa, ya tofar a tafin hannunsa. Tsutsotsi farare uku, suna motsi cikin yawu. Masu jira suka ɗauki salati. Da na fito sai na zagaya bayan rumfar don in kama ruwa, na ga wata fasasshiyar tukunya an rufe ta da buhu, ƙudaje sun yi mata baƙi. Ina tsugune mutumin ya zo, bai gan ni ba. Ya ɗaga buhun. Ruɓaɓɓen kan akuya ne a ciki, yana ta zubar da irin tsutsotsin nan. Ya tsinci kaɗan ya cusa a kumatunsa, ya goge hannu a riga, ya koma wurin wadda ke bina a layi. Har yau in na tuna bakin nan ne ya kusanci kunnena, sai abinci ya fita raina.

Laifina daga nan ya fara. Da na dawo Tawa abokan aiki suka kewaye ni suna tambaya, na kasa cewa an yi wasa da hankalina. Na ce na warke. Na ƙara gishiri, na ce tsutsa bakwai aka ciro, alhali ina maganar ina dafe da bango. Labari ya kai gidan maƙwabcina, wanda tsohuwarsa mai sayar da ƙuli-ƙuli ita ma take fama da jiri. Inna nake ce mata, ƴaƴana a ɗakinta suke wuni. Maƙwabcin ya same ni a ƙofar gida ya ce, "Tsakaninka da Allah, ka ji sauƙi?" Na dubi idonsa na ce na ji.

Ya kai ta wurin mai maganin. Bayan kwana kaɗan kunnenta ya fara zubar da ruwa mai wari, nawa ma haka, sai dai ni ina ɓoyewa da auduga. Da aka kai ta asibiti aka ce dodon kunnen ya fashe, ba za ta sake ji da shi ba. Jirin nata kuma ashe na hawan jini ne, wanda ƙwaya za ta iya riƙewa. Na je gaishe ta, ta juyo mini da kunnen da ya rage ta ce, "Ɗana, kai Allah ya ba ka sa'a. Ni tawa tsutsar ta yi ƙarfi." Na fito ina ƙyamar kaina fiye da yadda na ƙyamaci tukunyar nan.

Sai da aka yi mini maganin kunnen sannan na koma wurin matar kine. Ba ta tambaye ni inda na shiga ba, ta dai ajiye mini roba a gefe saboda amai. Wata biyar ina juya kai, ina taka layi, a asibiti da a tsakar gida, ƴaƴana na dariya. A hankali hanya ta daina karkacewa, na koma kan moto.

Abin da na gane shi ne, maganin da na raina bai ɓoye mini komai ba, tun ranar farko aka ce zai yi wuya kuma zai daɗe. Duk mai fama da jiri ya je a duba shi, don ba kowane jiri ne iri ɗaya ba, kuma kada ya bari kowa ya zuba masa abin da bai sani ba a kunne. Wanda kuma aka yaudara, ya daure ya faɗa. Kunyar da na guje wa ta kwana biyu ce a bakin tasha, Inna kuwa da kunne ɗaya za ta ƙarasa rayuwarta, kuma har yanzu ɗanta bai san na ga tukunyar ba.