Bargon da Afiniki Ta Ƙona

Shekara goma sha ɗaya Afiniki ta yi tana shara da wankin zannuwa a wani asibitin mishan a Kafanchan. Ba ta yi boko ba, amma akwai abin da ko nas-nas sai sun kira ta a kansa: cizon ƙwaro. Uwa za ta miƙo yaro, ta dube shi sau ɗaya ta yanke hukunci. Sauro, in ji ta, inda tufa ba ta rufe ba yake sauka, fuska ko ƙafa, nan ɗaya can ɗaya, kafin rana ta take kumburin ya sace. Kuɗin cizo kuwa a jere yake cizo, uku ko huɗu kamar ɗinkin allura, a baya ko haƙarƙari inda jiki ya taɓa shimfiɗa, kuma sai ya kwana uku yana ƙaiƙayi.

Da ta tsaya nan da an huta. To, sanin ya hau mata kai. A kwatas ɗin reluwe inda take zaune da mijinta Bartholomew, mai zuba kwal a jirgin ƙasa, ita ce sarauniyar tsabta. A taron matan zumunta na coci ta sha faɗa cewa sauro na kowa ne, amma kuɗin cizo sai gidan ƙazama. Matan suna jin ta, suna haɗiyewa.

Da daminar 1974 uwarta ta zo daga Fadan Kagoma. Mijin tsohuwar ya rasu, gwiwa ta hana ta noma, Afiniki ta roƙe ta ta dawo gari su zauna tare har ƙarshen rayuwa. Wannan shi ne babban burin Afiniki, don ita kaɗai ta rage wa tsohuwar a duniya. Bartholomew har gadon katako ya sayo a gwanjo, wurin wani akawu da aka yi wa canjin aiki, domin kaka ta riƙa kwana da jikarta Hellen. Tsohuwa ta ce ita ba ta taɓa barci a sama ba. Ta shimfiɗa tabarmarta a ɗan ɗakin kusa da kicin, ta lulluɓa da wani tsohon bargon soja da mijinta ya dawo da shi daga yaƙin Bama. Hellen ta samu gado ita kaɗai.

Wata Lahadi bayan an tashi sujada, maƙwabciyarsu Martina ta ga yarinyar tana susa. Ta ɗaga mata riga a gaban mata kusan goma.

"Maman Hellen, zo ki duba mana," in ji Martina, murya a sanyaye. "Ba shi ne kika ce yana tafiya a layi ba? Ko na gidanki sauro ne?"

A jere suke, huɗu a haƙarƙari, uku a baya. Ba wadda ta yi dariya, kuma wannan ya fi yi wa Afiniki ciwo. Ta ja 'yarta suka wuce, kunya kamar ta nutse.

Tana isa gida ba ta yi shawara da kowa ba. Me ya shigo gidan nan daga ƙauye? Ta kwaso tabarma da bargo ta jefa a tsakar gida, ta tuttula kananzir. Tsohuwa ta fito tana dafa bango.

"Afiniki, bargon babanki ne," ta ce da yarensu. "Ki shanya a rana in kina zargi."

"Mama, kin kunyata ni a gaban mutane. Nan ba ƙauye ba ne."

Ta ƙyasta ashana. Tsohuwa ta tsaya tana kallo har wutar ta cinye. Washegari Afiniki ta dawo daga aiki ta tarar tsohuwa ta hau motar kasuwa ta koma ƙauye.

Bayan mako guda sabon layi ya fito a bayan Hellen. Afiniki ta fitar da gadon gwanjo, ta kwarara tafasasshen ruwa a mahaɗar katakon. Sai ga kuɗin cizo suna fitowa, jajaye, ƙosassu, har da 'ya'yansu. Nan ta zauna daɓas a ƙasa. Lokacin da uwarta take nan, kowace safiya ita take shafa mata man zafi a baya da gwiwa. Ta ga bayan nan da idonta, sumul, ba layi ko ɗaya, sai ɗan cizon sauro a ƙwauri. Ta iya karanta jikin 'ya'yan gari duka, amma ran nan fushi ya hana ta tuna na uwarta.

Ranar Asabar ta sayi bargo sabo fil ta tafi Fadan Kagoma. Ta durƙusa ta faɗi gaskiya, ta yi kuka, ta ce Mama ta yafe ta dawo. Tsohuwa ta karɓi bargon ta yi godiya, ta ce ta yafe tun a mota. Amma da Afiniki ta nufi ƙofar ɗaki, sai tsohuwa ta tare ta da 'yar kujera.

"Zauna nan waje, akwai iska. Ke mai aikin asibiti ce, kada ki kwashi wani abu."

Ba da gatse ta faɗa ba. Ta yarda ne a ranta cewa ita abin ƙyama ce a wurin 'yarta, kuma ba rantsuwar da ta iya cire mata wannan.

Tsohuwa ta ƙara shekara huɗu a duniya. In ta zo asibiti ganin likita, a bencin waje take zama, ta sa wa Hellen albarka, ta bi motar yamma. Ba ta sake kwana a Kafanchan ba. Afiniki ta daina magana a taron zumunta, in an miƙo mata yaro ta ce a kai wa nas. Duk wata tana zuwa ƙauye, duk wata ana fito mata da kujera. Ba ta shiga ɗakin uwarta ba sai ranar da aka ce ta zo ta wanke gawa.