Marwa Ya Ƙi Mutuwa

Musbahu Dogo makanikin injin ban-ruwa ne a Bunkure, yana kuma da 'yar gonar albasa a bakin wata ƙaramar magudana. Amma abin da ya sa aka san shi har Kura da Dawakin Kudu shi ne littattafan da yake rubutawa a kan Sammani, wani tsohon ɗan sanda mai bin sawun ɓarayin gona. A waya yake rubutun idan aiki ya lafa. Matarsa Muhsina ta duba ta gyara, ya kai Kano a buga, ya dawo ya jera su a shagonsa kusa da fulogi da baƙin mai. Ranar kasuwa sun fi tafiya. Waɗanda ba su iya karatu ba, a teburin mai shayi ake karanta musu.

Tun littafi na farko akwai wani ɓarawon inji, Marwa, wanda kullum yake kuɓuce wa Sammani. Gajere ne, yana ɗan jan ƙafar hagu, ba ya rabuwa da malafa mai yagaggen baki. Kowa a yankin ya san siffar Jaji ce, dattijon da gonarsa take sama da ta Musbahu. Musbahu ya ce mini ba da gangan ya yi ba, mutumin da yake gani kullum ne ya faɗo masa a rubutu. Jaji bai taɓa tankawa ba, ko da 'yan kasuwa suka koma kiransa Marwa.

A ranin bara Musbahu ya gaji da Marwa. A littafi na huɗu ya sa shi ya faɗa babbar magudana yana cikin gudu, ruwa ya tafi da shi.

To, yadda ake ban-ruwa a wurin, sai ruwa ya bi ta gefen gonar Jaji kafin ya isa ta Musbahu. Idan Jaji ya gama shayar da tasa, sai ya fasa toshiyar laka ya sakar wa na ƙasa. Tun da littafin ya fito, toshiyar ta zauna daram. Albasar Musbahu ta fara kwantar da ganye a daidai lokacin da ta fi bukatar ruwa.

Muhsina ta ce masa ai dama ta faɗa, ba a mai da dattijo ɓarawo a zauna lafiya. Musbahu ya sayi goro, ya tarar da Jaji zaune a kan kunyar gonarsa yana jin rediyo. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya ba da haƙuri, ya yi alkawarin ba zai ƙara saka mai kama da shi a littafi ba. Fuskar Jaji ta ƙara ɗaurewa.

"Baba Jaji, albasata za ta ƙone," in ji Musbahu.

"Da wa kake magana? Ai ka kashe ni. Ka taɓa ganin gawa ta buɗe wa wani ruwa?"

Ashe satar ba ta taɓa damun Jaji ba. Tun da Marwa ya fito, direbobin motocin tumatir suke nemansa su ɗauki hoto da shi, jikokinsa suna rububin karanta masa. Yanzu kuwa duk inda ya bi sai a tare shi a yi masa ta'aziyyar kansa. Abin da ya fi ƙona masa rai, wai ruwa ne ya ci shi, shi da yake iyo a magudanar nan tun Musbahu bai fara tafiya ba.

Musbahu ya ce ai a littafin ba a ga gawar ba.

"Ka tabbata?"

Ya ce ya tabbata. Jaji ya kashe rediyo, ya karɓi goron, ya ɗauki fartanya ya fasa toshiyar.

A littafi na biyar Marwa ya ɓulla a Kumbotso yana sayar da rake, da malafarsa. Albasar ta yi kyau. Musbahu ya ce mini yanzu ba ya fito da sabon littafi sai ya shayar da gonarsa ta ƙoshi.