Lambun da Na Bari a GRA

Shekara goma sha ɗaya muka yi a gidan gwamnati a GRA, lokacin maigidana yana aiki. Da muka tare, harabar gidan fako ce, ko akuya ba ta tsayawa. Ni na sa aka kawo takin shanu a amalanke, na ja kunyoyi da fartanya da hannuna.

Ban so ya zama gona kawai ba, so nake duk wanda ya shigo ya tsaya kallo. Na jera zogale ya zama shinge. Yakuwa mai jan kara na bi da ita gefen hanyar shiga, kuɓewa a bayanta saboda furenta. Tattasai da attarugu suna cikin tukwanen ƙasa a bakin baranda, ga bishiyar lemun tsami biyu da ta gwaiba. In famfo ya ɗauke, ruwan wankin shinkafa nake tara musu.

Matan maƙwabta kan ce, "Hajiya, kin mai da mana GRA ƙauye." Su ɗin ne kuma ke aikowa a tsinko musu zogale ranar da suka yi marmarin kwaɗo.

Da maigida ya yi ritaya, aka ba mu wata uku mu tashi. Gidan gado za mu koma a Ƙofar Guga, ɗaki biyu da tsakar gida mai siminti, don haka tukwanen kaɗai na iya ɗauka. Ranar tashi na zaga da matar wanda aka ba gidan, yarinya mai fara'a, ina nuna mata shukar da ke son ruwa kullum da wadda ke haƙuri. Ta ce, "In sha Allahu, Mama, kamar kina nan."

Bayan sati uku na koma in yanko reshen zogale in dasa. Tun daga bakin get na ji sara. Gwaibar ta zama kututture, lemun tsamin duka biyu na kwance da 'ya'yansu kore shar, an jibge bulo inda yakuwa take.

Matar gidan ta fito tana gyara mayafi. Muka gaisa, har tana tambayata gajiyar tashi.

"Mama, Alhaji ne ya ce lambun sauro da macizai yake kawowa. Ga motoci ba su da wurin tsayawa."

Na ce, "Duk zamana a gidan nan ban taɓa ganin maciji ba."

Ta yi murmushi. "Ki ɗebi abin da kike so kahin a kwashe."

Na duƙa cikin ganyen da aka tattake ina tsintar lemo a gefen zane, leburori na tsaye da gatari suna jira in matsa.

Da na isa gida, maigida ya dube ni ya ce, "Ai dama gidan ba namu ba ne." Gaskiya ya faɗa, amma kwana biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu. Har yau in hanya ta bi da ni unguwar, nakan ce wa mai keke ya zaga ta layin baya.