Sallamar da Na Sa Ya Yi

Shekararmu huɗu da wata biyu a Manchester lokacin da aikin Birmingham ya fito wa maigidana. Injiniya ne, a wani ƙaramin kamfani mai haɗa na'urorin ɗumama manyan gine-gine. Bizarsa a wuyan kamfanin take rataye, tawa da ta yaranmu uku kuma a wuyan tasa. Idan muka cika shekara biyar takardunmu ba su yanke ba, sai mu nemi izinin zama na dindindin. Idan kuwa suka yanke a tsakani, sai dai mu tattara mu koma gida, babbar 'yarmu ta bar karatun ƙasar nan, wanda ba ta san wani ba.

Mutanen Birmingham sun ce takardar ɗaukar nauyi tana nan tafe nan da mako biyu. Da ita ake neman sabuwar biza. Maƙwabciyata a unguwarmu ta Cheetham Hill, matar wani likita ce ɗan Katsina, ta girme ni sosai. Tana jin labarin ta ajiye kofin shayinta.

"Ki ce masa ya ja bakinsa ya yi gum. Kada ya gaya wa kowa a wurin aiki sai takarda ta shigo hannu."

"Yaya, har mai kamfanin?"

"Shi ne ma na farko. Ke da wannan zuciyar taki kamar ta kaza, na san ki."

Muka yi dariya, amma maganar ba ta kwanta mini ba. Mai kamfanin wani dattijon Bature ne mai tafiya da ɗan ɗingishi. Ranar da mahaifin maigidana ya rasu, shi da kansa ya kai shi filin jirgi. Ranar Juma'a bai taɓa hana shi fita masallaci ba. Na ga a ce mutum irin wannan kullum ana gaishe shi da safe ana ɓoye masa tafiya, abin ya yi kama da cin amana. Kwana uku ina yi wa maigidana naci.

"Abban yara, a gidanmu ko mai wankin kaya zai bar aiki sai ya zo ya durƙusa ya yi sallama. Kai da ka ci arzikin mutumin nan?"

"Hajiya, nan ba Kano ba ne."

"Mutunci ai ba shi da gari."

Ya dube ni ya ce, "To, malama, na ji wa'azi." Na soya dambun nama na cika roba, na naɗe ta da takarda mai kyau. Ranar Litinin ya tafi wa dattijon da ita.

Kafin la'asar ya dawo, shi da ba ya shigowa sai bayan magariba. Bai cire takalmi ba ya zauna a matakalar bene. Da ƙyar na samu ya ba ni labari. Ya yi wa dattijon godiya, ya gaya masa zai tafi, sannan ya rufe da abin da kowane ɗan mutunci yake rufewa da shi in zai rabu da wanda suka zauna tare. Da Turanci ya faɗa masa: duk laifin da na yi maka, wanda na sani da wanda ban sani ba, ka yafe mini.

Ya ce fuskar dattijon ta sauya nan take. Ya tambaye shi, wane laifi? A wane gini? Ya ce babu, al'ada ce kawai. Dattijon ya ce babu mai neman a yafe masa abin da bai yi ba. Ya kira matar da ke kula da ma'aikata, ta shigo da littafi tana rubutawa. Suka ce ya zauna a gida har a sake duba duk aikin da ya sa wa hannu. An duba, ba a sami komai ba. Amma sun riga sun ɗauki maganarsa a matsayin ajiye aiki, wata guda na cika suka sanar da hukumar shige da fice, kamar yadda doka ta ce.

Saƙon ya zo ta imel, ina tsaka da yanka albasa. An ba mu kwana sittin: ko sabuwar biza, ko mu bar ƙasar.

Daga Birmingham kuwa shiru. Mako biyunsu ya zama shida. In ya kira, sai a ce ana kan dubawa. Ya koma yana fita da safe sanye da rigar aiki don kada yara su gane, ya je ɗakin karatu na unguwa ya zauna. Ni kuma na daina shiga gidan maƙwabciyata. Ba ta taɓa ce mini ai na gaya miki ba, shi ya fi yi mini ciwo. A sujada nakan daɗe har autata ta zo ta hau bayana.

Saura kwana goma sha tara ya ce zai je Birmingham da ƙafarsa. Na ce zan bi shi. Muka kai manyan makaranta, maƙwabciyata za ta ɗauko su, muka hau bas da autar. Ya ajiye mu a wani masallaci a unguwar Sparkbrook, ɓangaren mata, ya wuce. Na zauna jikin bango ina jan carbi, ina jin ƙarar motocin Stratford Road. Wata tsohuwa 'yar Somaliya ta miƙo wa yarinyar dabino, ta dube ni, ta dafa kafaɗata. Ban san hawaye nake yi ba.

Da ya dawo muka tsaya a bakin titi. Ashe mutanen Birmingham sun nemi shaidar halinsa daga tsohon kamfani. An yabe shi, amma an ƙara layi ɗaya: ya nemi afuwa kan kurakuran da bai fayyace ba. Wannan layin ne ya tsayar da komai. Ya ce rabin sa'a ya yi yana yi wa wasu mutum biyu bayanin yadda muke sallama, ɗayan yana murmushi, ɗayar tana kallon takarda.

Na ce, "Ni na ja mana."

"Bakina ne ya faɗa, ba naki ba. Gyara wa yarinyar nan hula, iska na dukanta."

Takardar ta zo saura kwana goma sha ɗaya, a ranar ya shigar da neman biza, Allah kuma ya sa aka ba mu. Sai dai masu sabon kamfanin sun sa sharaɗi: wata shida na gwaji maimakon uku. In ba su gamsu ba su sallame shi. Na ƙirga a kalanda sau biyu. Gwajin zai ƙare saura mako uku mu cika shekara biyar.

Yanzu muna Birmingham, unguwar Balsall Heath, a wani gidan haya da ke saman shagon yadi, wata na huɗu ke nan. Shekaranjiya babbar 'yata ta dawo da takardar zaɓen makarantar sakandare, ta ce malamarsu ta ce iyaye su rubuta guda uku da suke so, na baɗi. Ta riga ta zagaye ɗaya da jan biro, wadda ƙawarta za ta je. Na karɓa na ce ta bari babanta ya dawo. Ya dawo, ya karanta a tsaye, ya ce a ba shi fensir, ba biro ba.