Mai Tambayar Tsamiyar Bakin Gulbi

Ko zan manta da komai na zamanin da nake rubutu a intanet, akwai abu guda da ba zai taɓa fita daga raina ba, kuma ya faro ne daga wata tambaya da na yi wa dariya.

A lokacin ina koyarwa a wata firamare a Jega, ban yi aure ba tukuna. Na buɗe ɗan shafi na kaina inda nake zuba duk abin da ya zo mini: hayaniyar ranar kasuwa, rumbunan albasa na Aliero, tsiren mahautan Jega Firchin, ambaliyar da ta ci shinkafa a Kimba. Manyan wayoyi ba su yawaita ba. In na tashi daga makaranta sai in taka zuwa shagon kwamfuta na wani abokina kusa da tasha, in zauna cikin ƙarar janareto, ina jiran shafi ya buɗe kamar mai jiran ganda ta dahu. Duk da haka, ban san wani lokaci da ya fi wannan daɗi a rayuwata ba.

Shafin yana da wani lungu da ni kaɗai nake gani. A nan ake nuna mini kalmomin da mutane suka rubuta a wurin bincike har suka faɗo wurina. Wani ya rubuta "ko akuya tana mafarki". Wani kuma "yadda ake yanka albasa ba hawaye". Akwai mai neman "maganin munsharin miji", da wanda ya tambaya "me ya sa surukina ba ya amsa sallamata". Abokina yakan jawo kujera ya ce, "Malam, yau kuma mi suka tambaya?" Sai mu yi ta dariya har a kira la'asar.

Cikin waɗannan ne wata tambaya ta fara zuwa: "tsamiyar bakin gulbin Jega tana nan". Na taɓa ambaton tsamiya sau ɗaya a labarin ambaliya, shi ya sa ake jefo mai tambayar wurina. Ta zo a makon farko, ta dawo a na biyu, ta ci gaba har kusan wata biyu. Ran nan na tattara tambayoyin na yi rubutu a kansu don mutane su yi nishaɗi. Da na zo kanta na rubuta: "Mai tambayar tsamiya, in kunu kake so ka shiga kasuwa, ka bar intanet ta huta."

Bayan kwana uku na tarar da saƙo a ƙasan rubutun. "Malam, ni ce mai tambayar tsamiya, amma babana ne yake sa ni. Ba shi da lafiya. Don Allah in ka san amsar ka gaya mana." Ta bar lambar waya.

Kunya ta kama ni har na kasa kallon abokina. Na fita waje na kira ta. Ta ce mahaifinta tsohon direban babbar mota ne, ya bar Jega tun ba a haife ta ba, ya zauna a Shagamu, bai taɓa kai su gida ba, kuma ba ya hirar gida. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye, duk mako sai ya ce mata, "Ki tambayi wannan abin naki ko tsamiyar tana nan." Da ta gama yi mini bayani sai ta miƙa masa wayar. Muryar ta yi nauyi, amma harshen namu ne, kamar jiya ya bar gari.

"Ɗana, kai mutumin Jega ne?"

"Ni ne, Baba."

"To, tana nan?"

Na ce ya ba ni zuwa gobe, zan je in gani da idona.

Washegari da hantsi na gangara bakin gulbi. Babu tsamiya. Ruwa ya daɗe da cinye gaɓar, sai wani kututture da ya rage a gefe ana ɗaure jirgi a jikinsa. Gaskiya na yi tunanin in ɗauki hoton wata tsamiyar in aika, in faranta wa mara lafiya rai. Ina tsaye ina wannan shawara sai wani dattijo mai gyaran komar kamun kifi ya tambaye ni abin da nake nema. Na ba shi labari, na kwatanta masa mutumin. Ya ajiye komar.

"Wanga ba tsamiya yake tambaya ba," in ji shi. "Wansa yake tambaya."

Ya ce wan yana saida albasa a gindin tsamiyar. Ranar da ƙanen zai bi mota zuwa kudu, mahaifiyarsu tana kwance, wan ya ce ya dakata har a ga yadda jikinta zai yi. Ƙanen ya gaya masa baƙar magana a gaban jama'a, ya ɗauki jakarsa ya tafi. Ba a yi wata ba tsohuwar ta rasu. Daga nan bai sake waiwayo gida ba. Wan kuma ya koma Aliero da sana'arsa.

Ranar Asabar na ari babur ɗin abokina na nufi Aliero. 'Yan albasa suka san shi, amma suka ce ya tsufa ya bar kasuwa, yana wurin 'yarsa a Andarai, ƙasar Maiyama. Na sha ruwa na kama hanya. Ban san me ya ɗaure ni ga wannan tafiya ba. Ina jin dai dariyar da na yi ce take kora ni.

Na same shi a inuwar zana yana tufka igiya, idanunsa sun yi rauni. Muka gaisa, aka kawo mini ruwa, sannan na faɗi abin da ya kawo ni. Hannunsa ya tsaya a kan igiyar.

"Shina da rai?"

"Yana da rai, Baba, sai dai ba lafiya."

"Mi ya ce maka?"

"Ya ce in duba masa ko tsamiyar tana nan."

Tsohon ya yi 'yar dariya, ya share ido da gefen rigarsa. "Halinsa ke nan. Tun yana ƙarami, in yana son fura sai ya ce ko ludayi yana kusa."

Waya ba ta kamawa a gidan, sai an hau wani tudu kusa da hanya. Ya ɗauki sandarsa, na riƙe masa hannu muka hau a hankali. Na kira, 'yar ƙanen ta ɗauka, ta kai wa mahaifinta. Na so in ja da baya, amma tsohon ya riƙe hannuna, wai kada abin ya faɗi. Suka gaisa kamar waɗanda suka rabu da safe: ina gajiya, ina iyali, ya jiki. Sai wan ya ce, "Tsamiya ta faɗi tuntuni. Ni dai ina nan." Daga can na ji kuka, na ji ana tambaya ko Inna ta yafe. "Ta yafe maka tun ba ka kai Kwantagora ba," in ji wan. "Ni ne na riƙe, kuma na gaji da riƙo. Allah ya yafe mana gaba ɗaya."

Ba su sake ganin juna da ido ba. Amma duk Juma'a bayan masallaci surukin tsohon yakan kai shi tudun su yi hira, har Allah ya karɓi ƙanen a ƙarshen damina. Da shekara ta zagayo 'yar ƙanen ta zo gida karo na farko. Ni na raka ta Andarai, na ga yadda tsohon ya shafa fuskarta ya ce hancin kakarta ne.

Yau shafin nan ya daɗe da yin shiru, shagon abokina ya koma na saida caja, jama'a sun koma kallon bidiyo. Wani lokaci nakan yi kewar wancan zaman da dariyarmu. Amma tun daga ranar na koyi cewa mutum yakan tambayi abin da bakinsa zai iya ɗauka, ya ɓoye wanda ya yi masa nauyi a bayansa. Ko ɗalibi ne a aji ya yi mini tambayar da ta yi kama da shirme, nakan danne dariya, in jira, in ji abin da yake son tambaya na gaskiya.